Bizar 'Yan Kasuwa ta Amurka: Abin da Mai Saƙon Bai Faɗa Ba

Wani saƙon murya na ta yawo a zaurukan WhatsApp na mutanen Gafasa, ya kai Ajingi, ya kai Gaya. Mai maganar, da murya irin ta masu tallan magani a tasha, yana cewa Amurka ta buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa: ba sai wani ya ɗauke ka aiki ba, ba sai da boko ba, ka kawo rajistar CAC kawai, sauran akwai mai haɗa maka. An haɗa da hoton fasfo, an danne sunan da babban yatsa, sai lambar asusun banki.

Akwai ƙwayar gaskiya a ciki, ita ce ma ta sa ƙaryar ke shiga kunne. Dokar shige da fice ta Amurka tana da rukunin EB-2. A ƙa'ida, sai wani kamfani ya ba ka aiki, ya kuma gamsar da ma'aikatar ƙwadago cewa bai samu ɗan ƙasa da zai yi shi ba. Sassaucin da ake kira NIW shi ke ɗage wannan sharaɗi, mutum ya shigar da fom I-140 da kansa. Gaskiyar saƙon a nan ta tsaya.

Zancen cacar biza da mai saƙon ya cusa, an cire Najeriya daga cikinta tun zagayen 2015. Wai 'yan kuɗi kaɗan sun isa jari: hanyar masu zuba jari, EB-5, daga dala 800,000 take farawa.

Abin da ke cutar da mutane shi ne cewar ba a bukatar karatu, za a haɗa takardu, in ba a dace ba babu asara. Kafin a kai ga maganar sassauci, dole ka cancanci EB-2 ɗin kansa: digiri na biyu, ko digiri na farko da shekara 5 kana ci gaba a fannin. In babu, sai ka tabbatar da ƙwarewar da ta zarce ta tsara, da aƙalla hujja 3 cikin 6, irin su shaidar shekara 10 a sana'ar, lasisi, da yabon masana fannin. Bayan nan sai ma'auni uku na hukuncin Dhanasar na 2016: aikin da za ka yi yana da muhimmanci ga ƙasar baki ɗaya, kai ne ke da halin aiwatar da shi, kuma ɗage maka sharaɗin ya fi wa Amurka amfani. A Janairun 2025 hukumar shige da fice ta Amurka, USCIS, ta ƙara fayyace cewa faɗin "zan samar da ayyukan yi" kawai ba hujja ba ce. Mai sayen riɗi ya kai kasuwar Dawanau sana'arsa mai albarka ce, amma ba don irinta aka yi wannan hanya ba.

To me dillalin zai haɗa? Digirin da ba ka yi ba, da wasiƙun kamfanonin da ba ka taɓa taka ƙofarsu ba. Kai ne za ka sa hannu kana rantsuwa cewa duk gaskiya ne. Wanda aka kama da ƙarya da gangan don neman biza, doka ta haramta masa shiga Amurka har ƙarshen rayuwarsa, kuma yafiyar da ake samu ƙunci gare ta. Ba dillalin ne zai tsaya gaban jami'i a Legas yana amsa tambaya kan karatun da bai yi ba. Kuɗin fom kuwa, dala 715 da ƙarin 300, hukumar ake biya, ba asusun wani ba, kuma ba a mayarwa.

Ko mai takardun gaske, amincewa da fom ɗinsa ba biza ba ce. A Disamban 2025 Shugaba Trump ya sa Najeriya cikin ƙasashen da ya dakatar wa bizar ƙaura, kamar yadda ya yi a 2020. Mai saƙon ko tari bai yi a kan wannan ba.

Ba na ganin laifin matashin da ya gama jami'ar Wudil, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida ya zauna, ko uban da ke tunanin kora bijimi kasuwar Wudil ranar Juma'a don ya taimake shi. Haushina yana kan masu ilimin cikinmu da ke turawa su rubuta "Allah ya sa a dace", alhali minti biyar a shafin USCIS ya ishe su. Malam, kai da aka amince da karatunka, turawarka ita ce shaidar da mutane ke riƙewa.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, ya tsaya haka, kada ya sa hannu a kowace takarda. Ya adana rasit da saƙonnin, ya kai ƙara ofishin EFCC na Kano.