Waiwaye: Kakar da Kano Pillars ta faɗi daga gasar Firimiya

A Ɗankaza da ke Ƙaramar Hukumar Wudil, kamar sauran garuruwan Kano, ranar wasan Kano Pillars daban take. Masu hali kan bi motar haya zuwa filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, sauran kuma su kewaye rediyo a majalisa. Shi ya sa har yau in aka ambaci kakar 2021/2022 sai hira ta yi sanyi, domin a ita ce Sai Masu Gida suka faɗi daga gasar Firimiyar Najeriya.

Gidan da ba a shiga a fita lafiya

An kafa Pillars a 1990, ta kuma lashe gasar sau huɗu: a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2019 ta ɗauki kofin Aiteo a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti.

Ƙashin bayan wannan tarihi shi ne filinta da magoya bayanta. Ta shafe shekara 12 ba a doke ta a gida a gasar ba, har sai da Nasarawa United ta karya lagon a 2015.

Korona ta raba ta da gida

A 2020 gwamnatin Kano ta mayar da filin Sani Abacha cibiyar killace masu cutar korona. Ba a nan kaɗai annobar ta girgiza wasanni ba. A Kanada, gasar CFL ta ƙwallon da ke kama da zari-ruga ta soke kakar 2020 ɗungurungum, saboda ƙungiyoyinta sun dogara sosai da kuɗin shiga fili. A karon farko tun 1919 ba a bayar da kofin Grey Cup ba.

Ita Pillars ta ci gaba da wasa, amma a matsayin baƙuwa a Kaduna. Ko dawowar Ahmed Musa na ɗan lokaci a 2021 ba ta maye gurbin ihun Ƙofar Mata ba.

Dawowar da ta zama musiba

A Afrilun 2022 ƙungiyar ta koma Kano, ta karɓi baƙuncin Katsina United. Abin da ya kamata ya zama biki sai ya rikiɗe: wasu magoya baya suka tayar da hargitsi, aka farfasa motar baƙin. Kamfanin LMC mai shirya gasar a lokacin ya ci tarar Pillars naira miliyan tara, ya zaftare mata maki uku, ya kuma mayar da wasanninta na gida Abuja.

Ba a gama jimamin wannan ba, a watan Yuni aka sake samun matsala a wasa da Dakkada, inda aka ci zarafin mataimakin alƙalin wasa. Hukuncin dai maki uku ne.

A ƙasan teburi, inda maki ɗaya kan raba mai tsira da mai faɗuwa, wannan asara ba ƙarama ba ce. Da aka kammala kakar a watan Yuli, Rivers United ta ɗauki kofi, Pillars kuwa ta sauka tare da Katsina United da Heartland da MFM.

Abin da ya rage mana

Gaskiya ne ƙungiyar ba ta taka rawar gani a fili ba a waccan kaka, kuma ba laifin 'yan kallo ba ne in ɗan wasa ya ɓarar da ƙwallo. Amma makin da aka zaftare ba abokan karawa ne suka ƙwace ba. Da hannunmu muka miƙa.

Pillars ta dawo Firimiya a 2023 bayan kaka ɗaya a rukuni na biyu, kyaftin Rabiu Ali na nan tare da ita. Sai dai dokar da ta kayar da ita tana nan daram.

Duk lokacin da aka rufe fili, mai kuɗi zai iya bin ƙungiya Abuja ko Kaduna. Wanda ke asara shi ne matashin da ya tara kuɗin mota daga Ɗankaza, da mai sayar da ruwa da rake a bakin ƙofa. Jifa ɗaya kan hana dubban mutane kallo na watanni, shi kuwa mai jifan ya kwana gidansu.