Shirun da Ke Tsakanin Minshari Biyu

Galibin mutanenmu, idan suka ji dattijo yana jan minshari har ana jiyo shi daga zaure, sai su ce tsoho ya samu barci mai nauyi, alhali kuwa ma'abota ilmin likitanci sun daɗe da tabbatar da cewa shirun da kan biyo bayan ƙarar ya fi ƙarar kanta hatsari. Domin idan shekaru suka ja, ƙiba ta taru a wuya, naman maƙogwaro kan saki cikin barci har ya toshe hanyar iska, mutum ya yi daƙiƙa 10 ko fiye ba numfashi, sannan ya zabura da gurnani kamar wanda aka shaƙe, ya koma barcinsa bai san abin da ya auku ba. Wanda larurar ta yi wa tsanani, hakan kan maimaitu sau 30 ko fiye cikin sa'a guda.

Zuciya ce ke biyan diyyar wannan lamari, saboda duk sa'ad da numfashi ya yanke, iskar da ke cikin jini takan ragu, jini ya hau, bugun zuciya ya rikice. Idan kuwa aka shafe shekaru a haka, sai a wayi gari da hawan jinin da ba ya jin magani, ko shanyewar ɓarin jiki, ko gazawar zuciya. Wani bincike da aka fara a jihar Wiskonsin ta Amurka a 1988 ya bayyana a 2008 cewa mutuwa a cikin masu larurar mai tsanani ta ninka ta marasa ita wajen sau 3. Ajali na hannun Allah, amma neman magani ma umurni ne.

Mai larurar ba ya iya ba da shaida a kan kansa. Uwargidan da ke jin shirun ita ce shaida, kuma bai kamata kunya ta hana ta faɗa wa likita ba, musamman idan maigida yana tashi da ciwon kai da asuba, yana gyangyaɗi ana tsakiyar huɗuba. Rage ƙiba na taimakawa, haka barin kwanciyar rigingine (kwanciya kan gefen dama ai sunna ce tun asali), da nisantar ƙwayoyin sa barci ba da izinin likita ba. Akwai kuma na'urar da Likita Colin Sullivan ya ƙirƙira a Ostireliya, ya bayyana ta a 1981, wadda ke hura iska ta hanci don maƙogwaro ya zauna a buɗe, sai dai amfaninta yana ga wanda ya jure sanya ta har gari ya waye.