Baƙon da Ya Shiga Ruwan Jidda

Ranar Laraba, 25 ga Nuwamban 2009, takwas ga watan Zulhajji, a Daura hunturu ya kankama, hankalin magidanta yana kan ragunan layya a kasuwar Mai'adua. Alhazanmu kuma suna hanyar Mina. A ranar ce sama ta buɗe a kan Jidda, garin da kan yi watanni bai ga ɗigon ruwa ba. Cikin 'yan sa'o'i aka zuba ruwan da ya zarce na shekara guda.

Jidda tana kwance ne tsakanin duwatsu da Bahar Maliya, kuma an daɗe ana gina gidaje a cikin busassun kwarurrukan da ruwa ke bi in ya sauko. A lokacin, magudanai babu na kirki. Da ruwan ya taso daga gabas sai ya bi tsohuwar hanyarsa, ya ratsa unguwanni irin su Ƙuwaiza, yana ɗaukar motoci da mutanen cikinsu yana jibge su kan juna. Sama da mutum 120 suka rasu. Masu 'yan uwa a can, irin waɗanda muke kira takari, sun wuni suna buga waya ba ta shiga.

A cikin wannan tashin hankali akwai wani ɗan Pakistan mai suna Farman Ali Khan, mutumin kwarin Swat, ɗan shekara 32, da ya zo neman abinci yana aiki a kantin kayan masarufi. Gwani ne a wasan karate, kuma ƙarfin jikin ya yi masa rana. Ya samo igiya ya ɗaura a ƙugu, ya faɗa cikin ruwan mai laka da tarkace. Ya cafko mutum ya kai shi tudu, ya koma. Haka ya riƙa yi har ya fito da mutum 14, bai tsaya tambayar wa ke ɗan ƙasa wa ke baƙo ba. A komawarsa ta gaba ruwan ya fi ƙarfinsa, ya tafi da shi. Ya bar mata da 'ya'ya mata uku a gida. Allah ya jiƙansa.

Duk wanda ya san zaman Saudiyya ya san matsayin lebura baƙo: iƙama a aljihu, kai a sunkuye, ba ya shiga abin da ba ruwansa. Da Farman ya tsaya a bakin kanti yana kallo, babu mai ganin laifinsa.

Sarki Abdullah ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Gwamnan Makka, Yarima Khalid al-Faisal, ya ba da umarnin biyan riyal miliyan ɗaya ga iyalan kowane mamaci. Farman kuwa an ba shi lambar girmamawa ta Sarki Abdul'aziz bayan rasuwarsa, aka kuma sa wa wani titi a Jidda sunansa. A watan Janairun 2011, kafin a gama gyaran magudanan, ruwa ya sake cin garin.