Baƙin wuyan da soso ba ya fitarwa

Uwargida, kin taɓa lura da wani baƙi mai kauri a bayan wuyan ɗanki ko ɗiyarki, kina ta faɗan ƙazanta, ana dirzawa amma yana nan? Iyaye da dama kan zo kantin maganinmu neman man da zai goge shi. Sau da yawa ba dauɗa ba ce. Alama ce cewa jiki ya fara bijire wa sinadarin insulin, mai kwashe sukari daga jini zuwa tsoka. In aka yi sake, hanyar ciwon sukari ke nan, tun yaro bai gama sakandare ba.

Dubi rayuwar yaranmu a Legas ko Abuja: mota ta kai su makaranta ta dawo da su, waya a hannu har dare, kuɗin tara kuma ya ƙare a lemon kwalba. Robar lemo ɗaya mai santilita 50 kan ƙunshi sukari kusan cokalin shayi 13.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na aƙalla minti 60 kullum. Ƙwallo, tsallen igiya ko tafiya da sauri duk sun wadatar, kuma har da 'yan mata.

Ki mayar da ruwa abin shan gida. Ki yawaita wake, alale, zogale da miyar ganye. Kada ki saya masa shayin rage ƙiba, kada kuma ki yi masa gori. Gyaran na gida ne gaba ɗaya. In kin ga wannan baƙin, ajiye soso, ki kai shi asibiti a auna sukarinsa.