Jirgin da Ƙarfensa Ya Gaji

A garejin bakanike a Karaye, ko a gindin injin niƙa a Rogo, idan sandar inji ta karye ba tare da ta bugi komai ba, sai ka ji oga ya juya guntun a hannunsa ya ce, "Ƙarfen ne ya gaji." Mai injin yakan ɗauka hanyar sallama ce kawai, ya biya kuɗin walda ya tafi. Amma maganar nan gaskiya ce tsantsa, kuma ita ce sunan da injiniyoyin duniya suka ba wannan ciwo. Sai da mutum 56 suka halaka a teku cikin wata uku kafin masu ƙera jiragen sama su ba ta girman da ya kamace ta. Ga yadda abin ya faru.

Ranar 2 ga Mayu, 1952, wani jirgi mai suna Comet ya tashi daga Landan zuwa Johannesburg da fasinja 36. Kamfanin de Havilland na Ingila ne ya ƙera shi, kamfanin BOAC kuma yake jigila da shi. Shi ne jirgin fasinja mai injin jet na farko a duniya. Ba shi da farfela, ba ya jijjiga mutum, ya fi sauran jirage gudu sosai, yana kuma hawa har ƙafa 40,000, can sama da hadari. Ingila ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu a talauce, sai ga ta riƙe da abin da Amurka ba ta da shi. Lambar wannan jirgi na farko G-ALYP, matuƙa suna kiransa Yoke Peter. A riƙe sunan.

A irin wannan nisa iska ba ta isar ɗan Adam numfashi. Dole a riƙa hura iska a cikin jirgin, jikinsa ya ɗan kumbura kamar an hura tayar keke, idan ya sauka kuma ya sace. Jikin nan kuwa fallen goran ruwa ne, wato alminiyam, wanda kaurinsa a yawancin wurare bai kai milimita ɗaya ba.

Ranar Lahadi 10 ga Janairu, 1954, da hantsi, Yoke Peter ya tashi daga Rum a zangonsa na ƙarshe daga Singafo zuwa Landan. Sararin sama garau. Bayan kamar minti ashirin, yana kusan ƙafa 27,000, kyaftin ɗinsa Alan Gibson yana magana ta rediyo da wani jirgin BOAC da ke kan hanya ɗaya, sai muryarsa ta yanke a tsakiyar jimla. Masunta a kusa da tsibirin Elba na Italiya suka ji ƙara, suka ga tarkace na zubowa cikin teku. Suka tura kwale-kwalensu suka tsamo gawa 15. Mutum 35 ne a ciki, babu wanda ya tsira.

Zato ya yi yawa. Wasu suka ce bam ne, wasu suka ce gobara, wasu suka ce ƙarfen inji ne ya ɓalle ya huda jikin jirgin. Likitan Italiya da ya duba gawarwakin, Farfesa Antonio Fornari, ya ga abin da ya ɗaure masa kai: huhu a fashe, ƙoƙon kai a karye, ƙunar da ke jikinsu kuma bayan mutuwa ta same su. Wannan alama ce ta ɗaki mai matsin iska da ya fashe farat ɗaya. Amma jiragen na zaune a ƙasa, kuɗi na ƙonewa, martabar ƙasa na jira. Aka zauna aka lissafo duk abin da ake zargi, aka yi gyare-gyare masu yawa, ba tare da an san ainihin wanne ne ya kashe mutanen ba. Ranar 23 ga Maris aka mayar da Comet bakin aiki. A ganina nan ne babban laifin yake a duk labarin: an ba da magani alhali ba a gano cutar ba.

Kwana goma sha shida kacal, ranar 8 ga Afrilu da dare, wani Comet mai lamba G-ALYY ya tashi daga Rum ɗin dai zuwa Alƙahira, ya tarwatse a sama kusa da Naples da mutum 21. A nan tekun ya yi zurfin da ba a iya ɗauko tarkace ba. Aka janye takardar izinin tashin jirgin gaba ɗaya, aka danƙa binciken ga cibiyar binciken jiragen sama ta gwamnati da ke Farnborough, ƙarƙashin shugabanta Sir Arnold Hall.

Aiki biyu suka kama a lokaci guda. Na farko, rundunar sojan ruwan Ingila ta ci gaba da tsintar Yoke Peter daga ƙasan teku a Elba, da kyamarar talabijin ta ƙarƙashin ruwa da jiragen masunta masu jan koma. Wata da watanni ana yi, har aka haɗa kusan kashi 70 cikin ɗari na gangar jikinsa. Duk guntun da ya iso Farnborough sai a ɗaura shi a gurbinsa a kan wani ƙwarangwal na katako, kamar mai harhaɗa fasasshiyar tukunya. Sai guntayen suka fara ba da shaida. An sami yagen dardumar ɗakin fasinja maƙale a wutsiyar jirgin. Ta yaya darduma za ta je wutsiya, in ba ɗakin ne ya fara fashewa tun wutsiyar na manne ba? Ke nan ba inji ba ne, ba fiffike ba ne. Daga ɗakin fasinja ɓarnar ta faro.

Aiki na biyu shi ne ya fi burge ni. Hall ya sa aka kawo wani Comet lafiyayye, G-ALYU, aka gina masa ƙaton tanki, aka sa gangar jikinsa a ciki, fikafikan suna leƙowa waje ta gefe biyu. Aka cika tankin da ruwa, aka cika cikin jirgin ma da ruwa. Sai a ƙara tura ruwa ciki har matsin ya kai na sararin sama, jak-jak suna ɗaga fikafikan suna saukewa, sannan a sassauta. Tafiyar sa'o'i ta koma ta 'yan mintuna, dare da rana ba tsayawa. Me ya sa ruwa, ba iska ba? Domin iskar da aka matse, idan ta sami kafa, fashewa take kamar bam ta watsa shaidar duka. Ruwa kuwa ba ya matsuwa. Da zarar ƙarfe ya tsage, sai ya tsiyaye, matsin ya faɗi, tsagar ta tsaya cak inda take, mai bincike ya zo ya duba a tsanake.

A ƙarshen watan Yuni allurar awon matsi ta faɗi. Aka zubar da ruwa aka shiga, sai ga jikin jirgin ya yage daga kusurwar wata taga ta gaba a gefen hagu. Jirgin ya yi tashi na gaske sau 1,221, ya yi na tanki sau 1,836, jimla 3,057. Masu ƙera shi kuwa suna ganin ko sau 10,000 ba zai girgiza shi ba.

Yanzu sun san inda za su nema. Aka koma Elba aka sake jan koma a inda ake zaton rufin jirgin ya faɗa, a watan Agusta kuma wani jirgin masunta na Italiya ya ciro guntun. A saman rufin akwai wasu 'yan tagogi biyu masu kusurwa na eriyar gano hanya. A bakin ramin wata ƙusa, dab da kusurwar ɗayarsu, aka ga mafarin tsagar. Yau za ka ji ana cewa tagogin fasinja masu kusurwa huɗu ne suka kashe Comet. Maganar ta kusa, amma a Yoke Peter daga rufi ta fara. Tashinsa 1,290 ke nan. Na Naples kuwa 900 kawai ya yi.

Abin da ke faruwa a cikin ƙarfen, yaran da ke ƙera motar waya a Rogo sun san rabinsa. Ba ka iya tsinka waya da ja, amma lanƙwasa ta gaba da baya sau ashirin, sai ta rabu a hannunka. Kowace lanƙwasa ba ta isa ta karya ta ba, taruwarsu ce ke karyawa. Ɗaya rabin kuma mai sayar da yadi a Kantin Kwari ya san shi: ba ya yaga yadi haka kawai, sai ya ɗan ƙyasta bakinsa da almakashi, sannan ja ɗaya ya raba shi. Duk ƙarfin jan yana taruwa ne a bakin ƙyastar. Haka nauyi yake taruwa a kusurwa, da bakin rami, da inda tsatsa ta ci, da gefen walda. Da aka auna a Farnborough, nauyin da ke kan kusurwoyin Comet ya zarce lissafin masu zanensa nesa ba kusa ba. Kowane tashi sai tsagar ta matsa kaɗan, ƙasa da kaurin gashi, har ranar da sauran ƙarfen ya kasa riƙewa.

Kada a ɗauka de Havilland ba su yi gwaji ba. Sun yi, har fiye da abin da doka ta nema a lokacin. Sun ɗauki wani sashe na jikin jirgin suka hura shi ninki biyu na matsin aiki, ya jure. Sai suka ci gaba da gwajin hurawa da sacewa a kan wannan sashen dai, ya wuce sau 16,000 kafin ya tsage. Abin da ba su lura ba shi ne, wancan matsi mai tsanani na farko ya danne ƙarfen bakin ramukan ya ƙara masa juriya. Jiragen da aka sayar ba su sami wannan dannewa ba. Gwajin ya faɗi gaskiyar sashen da aka gwada, bai faɗi ta jirgin da mutane suka hau ba.

Ilimin ma ba sabo ba ne. Tun 1842 karyewar sandar ƙafar jirgin ƙasa kusa da Versailles a Faransa ta kashe mutane da dama, bayan nan kuma wani injiniyan Jamus, August Wöhler, ya shafe shekaru yana juya irin waɗannan sanduna a inji yana ƙirga sau nawa suke juyi kafin su karye. An san ciwon a layin dogo, ba a zaci zai kama fatar jirgin sama da wuri haka ba.

Kotun bincike ta Lord Cohen ta fara zama a watan Oktoba na 1954, aka baje sakamakon a fili, kowane kamfani a duniya ya karanta. Daga nan gwada gangar jirgi sukutum har ta gaji ya zama ƙa'ida, aka kuma koma ƙera jiki yadda in tsaga ta taso za ta ci karo da shinge ta tsaya. Comet 4 ya dawo a 1958 da fata mai kauri da tagogi masu siffar ƙwai, shi ne jirgin jet da ya fara jigilar fasinja a kai a kai zuwa ƙetaren Tekun Atilantika ranar 4 ga Oktoba. Amma makonni uku bayan haka Boeing 707 ya shigo, kasuwa ta koma Amurka. Duk alhajin da ya leƙa taga mai zagayayyen gefe daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda, gadon wancan tankin ruwa yake kallo. Guntun rufin Yoke Peter kuwa yana gidan tarihin kimiyya na Landan.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke yi da namu guntayen. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a Karaye a 1992, injinan ban-ruwa suka yawaita a yankin, ga injin niƙa, ga na casar shinkafa, ga motocin da ke kwasar masara a Rogo da lodin da ya fi ƙarfin sifirin. Ƙarfe na karyewa kullum. Kafin yamma an like shi da walda, ko an auna wa 'yan gwangwan a kilo, bayan wata biyu sabon ya karye a wuri ɗaya, a ce kayan yanzu ba su da kyau. Wani lokaci haka ne. Sau da yawa kuma inji ne bai zauna daidai ba, ko bel ya yi tsauri, ko mai gyara ya bar kaifin kusurwa a inda ya kamata ya zagaye.

Fuskar karayar tana faɗa, in an duba. Ƙarfen da ya gaji fuska biyu gare shi: sashe mai santsi, sau da yawa ya yi duhu, da layuka masu lanƙwasa kamar sawun da ruwa ke bari a yashin bakin Challawa idan yana janyewa, sai kuma sashe mai kaushi da ƙyalli, wanda ya ɓalle a ranar. Bi layukan nan baya, za su kai ka wurin da tsagar ta faro. In sashen mai santsi ya fi faɗi, an daɗe ana tafiya da ciwo, kuma da an duba da an gani. In mai kaushin ya fi yawa, lodi ne ya yi wa ƙarfen yawa.

Don haka, oga bakanike da kai mai inji, ranar da sanda ta sake karyewa, kada ku goga bakin karayar, kada ku haɗa guntayen biyu kuna gwada su, don hakan na share sawun. Ku wanke su da kananzir, ku fita da su rana, ku kira yaran gareji su ma su gani, ku nemo inda ta faro kafin a kunna injin walda.