Daga bin sawu zuwa littafi: asalin labarun binciken laifi

A ƙasar Adar, in raƙumi ya ɓace tsakanin Keita da Buza, sau da yawa mai bin sawu ake kira kafin a kai kuka ga jandarmomi. Shi ba ya duba, ba ya rantsar da kowa; ƙasa yake karantawa. Irin wannan hikima ce ta haifi littattafan binciken laifi.

Masana adabi suna danganta asalinsu ga wani gajeren labari da Ba'amurke Edgar Allan Poe ya fitar cikin mujallar Graham a watan Afrilu na 1841. An kashe uwa da ɗiyarta a birnin Pari, cikin ɗaki kulle ta ciki. Ƴan sanda suka kama ma'aikacin bankin da ya rako uwar gida da kuɗinta. Amma Dupin, wanda ba ɗan sanda ba ne, ya lura an bar zinariyar zube a ƙasa, gashin da gawar ta damƙe kuma ba na ɗan Adam ba ne. Ashe goggon biri ne ya kuɓuce wa wani ma'aikacin jirgin ruwa. Aka saki marar laifi.

Wannan tafarki Conan Doyle ya bi da Sherlock Holmes a 1887. A 1984, shekarar da fari ya ƙone Adar, ɗan Mali Modibo Sounkalo Keita ya bi shi cikin L'Archer bassari, inda bincike ya tona asirin manyan da suka karkatar da taimakon masu yunwa.

Darasin ɗaya ne ga mai ofis da mai kanti: zato zunubi ne. A nemi shaida kafin a ɗaure mutum.