Sukur: Ƙauyen Da Ke Noma A Bisa Dutse

Duk wanda zai je Sukur Sama, a gindin dutse yake sallama da mota. Daga nan sai ƙafa. Hanyar da zai bi kuwa shimfiɗaɗɗun duwatsu ne da kakannin mutanen garin suka jera ɗaya bayan ɗaya, wani wuri kamar daɓe, wani wuri kamar matakalar bene, tana lanƙwasa tana hawa har saman tsaunin. Baƙo kan yi fiye da awa ɗaya yana haki kafin ya kai, ya kuma tsaya hutawa sau da dama, alhali matan garin na wuce shi da kaya niƙi-niƙi a ka suna hira. Ta wannan hanya gishiri da sabulu da kwanon rufi ke hawa. Ta nan ne kuma ake sauko da buhun wake, da sa mai ƙiba, da mara lafiyan da ya kasa taka ƙasa.

Sukur na cikin ƙaramar hukumar Madagali a arewacin jihar Adamawa, kan jerin duwatsun Mandara da suka raba Najeriya da Kamaru, a tsayin da ya ɗara mita 1,000. Mutanen wurin suna kiran kansu da harshensu Sakun. Masana harsuna sun sanya harshen cikin dangin harsunan Cadi, wato dangi ɗaya da Hausa, ko da yake zumuncin ya yi nisan da Bahaushe ba zai tsinci komai ba idan ana hira da shi. Amma Hausar kasuwa ta riga ta raɗa wa garin suna biyu: Sukur Sama, inda gidan sarkinsu, Hidi, yake, da Sukur Ƙasa, unguwannin da suka bazu a gindin tsaunin. Maƙwabtansu su ne Margi da Higgi, sai Kapsiki da Mafa ta ɓangaren Kamaru.

Abin da ya fi ɗaukar ido a can sama shi ne gonaki. Manomin Kano ko na Maraɗi ya saba da fili shimfiɗe, inda shanun huɗa za su ja garma daga wannan kai zuwa wancan. A Sukur babu wannan. An bi jikin tsaunin an yanka shi hawa-hawa, kowane hawa an tokare shi da katangar dutse wadda ba laka ba siminti, nauyin duwatsun da iya jeri kawai ke riƙe ta. Wani hawan faɗinsa bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. A kansa ake shuka dawa da gero, a sa wake a tsakani, a samu gefe a zuba gyaɗa ko aya ko riɗi, kuɓewa da yakuwa kuma kusa da gida inda uwargida za ta miƙa hannu ta tsinko.

Hikimar katangar tana bayyana ne ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwan da ya sauka a kan gangare, in bai sami abin da ya tare shi ba, gudu yake yi ya kwashe ƙasar sama mai albarka ya kai ta kwari, ya bar wa manomi tsakuwa. Katanga tana karya masa gudu. Sai ya tsaya a kan hawan, ya nutse, ƙasar da ya ɗebo daga hawan sama ta kwanta a na ƙasa, ragowar ruwan kuma ya tsiyaye ta ramukan da ke tsakanin duwatsun ba tare da ya ture ginin ba. Da siminti aka yi ta, da ruwa ya taru a bayanta ya kayar da ita. Abin da jami'an gona ke koya wa manoman Tawa a Nijar da na Yatenga a Burkina Faso tun shekarun 1980, wato jera duwatsu a gona don tare zaizayar ƙasa, mutanen Mandara sun yi ɗaruruwan shekaru suna yin wanda ya fi shi wuya.

Sai dai ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu tana bukatar ci. A nan ne sa ya shigo. A gidajen Sukur akwai wani ɗaki na dutse da ake haƙa shi ya nutse cikin ƙasa, a sa ɗan maraƙi a ciki, a riƙa kai masa ciyawa da harawa da ruwa har ya zama ƙaton sa. Ba ya fita kiwo, don haka ba ya shiga gonar kowa, kashinsa kuma ba ya watsewa a daji. A wuri ɗaya yake taruwa, a haɗa shi da tokar murhu da sharar gida da kashin awaki, a ɗauka a kwando a kai gona. San kuma shi ne asusun gida: da shi ake biki, da shi ake aure, shi ake sayarwa in wata babbar bukata ta taso. Bahaushen da ke turke rago don layya zai gane lissafin nan take, illa dai a nan turken ya zama ginin dutse.

Bayan girbi, a masussukar da aka daɓe ake casa, a zuba hatsi a rumbunan laka masu hular ciyawa da ke tsakiyar gida, cikin katangar dutse. Ruwan sha daga rijiyoyin da aka gina bakinsu da dutse ake ɗebo shi, kuma idan rani ya yi nisa, wajen watan Maris da Afrilu, ɗiban ruwa kaɗai kan cinye wa mata da 'yan mata safiya guda. Wanda ya ga hoton Sukur a kore shar cikin watan Agusta ya yi sha'awa, ya kamata ya tuna da wannan ma.

Noma kaɗai bai taɓa riƙe garin ba. A ƙarnonin baya ƙarfe ne arzikin Sukur. Bayan ruwan sama, mata kan bi ƙoramu suna tara baƙin yashi mai tama, maza su ƙona gawayi, a hura murhu da zuga-zugi yini guda har tama ta narke. Maƙera, waɗanda zuriya ce ta daban da matansu ke ginin tukwane, su ne ke ƙera fartanya da gatari da lauje. Sandunan ƙarfen Sukur sun yi suna har ƙasar Barno, fatake na hawowa saye, su kawo hatsi da gishiri da tufafi. Wannan ciniki ne ya ciyar da jama'ar da gonakin tsaunin kaɗai ba za su iya ɗauka ba, shi ne kuma ya ba Hidi martabar da ta wuce girman ƙasarsa. Masu binciken kayan tarihi Nicholas David da Judith Sterner, waɗanda suka zauna a garin cikin shekarun 1990, sun rubuta wannan tarihi dalla-dalla daga bakin tsofaffin da suka ga ƙarshen sana'ar da idonsu. Abin da ya kashe ta ba ɓoyayye ba ne. Da ƙarfen Turai da tarkacen tsofaffin motoci suka cika kasuwanni, sai maƙeri ya ga ba shi da dalilin jiran tama, kuma wajen 1960 murahun suka mutu. Har yau garin bai sami abin da ya maye masa gurbin ƙarfe ba, kuma a nan ne matsalarsa ta yau ta samo tushe.

Me ya sa mutane za su zaɓi zama inda ko jaki ke shan wuya? Tsaro na daga cikin amsar. Dokin mahari ba ya jin daɗin dutse. Duk da haka tsaunin bai hana Hamman Yaji, wanda ya mulki Madagali daga 1902, kai hari ba. Littafin da ya sa ana rubuta masa abubuwan da yake yi kullum, daga 1912 zuwa 1927, wanda aka buga fassararsa ta Turanci a 1995, ya ambaci Sukur cikin garuruwan da ya tura mayaƙansa suka ƙona gidaje suka kamo bayi. Turawan Ingila sun tuɓe shi a 1927. Yankin, wanda da yake hannun Jamus, ya zama na Najeriya bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961. Da hare-hare suka lafa, sai mutane suka fara sauka da kaɗan-kaɗan zuwa fili, inda gona ke da faɗi, kasuwa da makaranta da titi ke kusa. Sukur Ƙasa ta yi ta girma.

A 1999 hukumar UNESCO ta sanya Sukur cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Shi ne na farko a Najeriya, shekara shida kafin kurmin Osun da ke Osogbo ya bi baya a 2005. Abin lura shi ne, ba gidan Hidi kaɗai aka karrama ba. Gonakin, hanyoyin dutse, rijiyoyi, kufan murahu, wuraren tsafi da maƙabartu duk suna ciki, wato rayuwar manoman ce kanta aka ce ta cancanci a adana. An yi ta fatan baƙi za su zo, kuɗi su shigo, matasa su samu aikin rakiya da sayar da kayan hannu. Wasu baƙin sun zo, musamman lokacin bikin Yawal, amma ba su taɓa kai yawan waɗanda ke zuwa Rumsiki a tsallaken iyaka ba, inda Kamaru ta daɗe da gina masauki da hanya.

Sai kuma 2014. A watan Agusta Gwoza da Madagali suka faɗa hannun Boko Haram, Mubi ta bi a ƙarshen Oktoba. A watan Disamba 'yan bindigar suka hau Sukur, suka cinna wa gidaje wuta har da gidan Hidi, suka kwashe dabbobi da hatsi. Katangar dutse ba ta ci wuta ba, amma jinka da rumbu da abin da ke ciki sun ci. Ga manomin da ke girbi sau ɗaya a shekara, ƙona rumbu a watan Disamba yana nufin an ƙona masa abincin shekara da irin shukar baɗi a dare ɗaya. Mutane sun watse, wasu Kamaru, wasu Yola. Da sojoji suka ƙwato yankin a 2015, da yawa sun dawo sun sake rufa ɗakunansu, wasu kuwa inda suka je can suka zauna. A 2018 wata ƙungiyar kare gine-ginen tarihi da ke Amurka, World Monuments Fund, ta sanya Sukur cikin wuraren da ke bukatar agajin gaggawa, kuma a 2024 gwamnatin Amurka ta sanar da tallafi don adana kayan tarihin garin.

Tallafin abin a yaba ne, amma yana da iyaka. Ana iya gyara gidan Hidi da kuɗin waje, a ɗauki hoton kowane dutse a adana a kwamfuta. Gonar hawa-hawa kuwa ba ta adanuwa ta wannan hanya. Kowace damina wasu duwatsu na zamewa, kuma in ba a mayar da su kafin ruwa na gaba ba, ɓarakar hawa ɗaya ita ke zubo wa na ƙasa da shi ruwa da laka har shi ma ya buɗe. Aikin na hannu ne, kuma na masu ƙarfi. Su kuwa masu ƙarfin, da zarar an gama girbi sai su tafi cin rani Mubi ko Yola, wasu su yi acaba, wasu leburanci, wasu ƙwadago a gonakin fili. Ba wanda zai zarge su. Saurayin da ya ga abokinsa ya sayi babur da waya daga aikin wata shida, da wuya a shawo kansa da cewa gonar babansa tana cikin littafin UNESCO.

A ganin mai wannan rubutu, makomar Sukur ta rataya ne a kan ƙananan abubuwa da ba su cika shiga jawabin bikin al'adu ba. Na farko tsaro, domin har yanzu ƙauyukan Madagali na fuskantar hare-hare jefi-jefi, kuma dajin Sambisa da duwatsun Gwoza ba su da nisa. Ba baƙon da zai zo yawon buɗe ido, ba kuma manomin da zai turke sa na shekara biyu, in yana tunanin za a iya kore masa shi cikin dare. Sai ruwan rani, wanda ƙananan madatsai da gyaran rijiyoyi za su sauƙaƙa, su kuma ba da damar ɗan lambu. Sai mai duba lafiya da malamin makaranta da za su yarda su kwana a sama, don mace mai naƙuda ta daina dogaro da kafaɗun maza huɗu kafin ta kai inda mota take.

Maganar titi ta fi sarƙaƙiya. Masu adana tarihi na tsoron kada katafila ta bi ta kan hanyar dutsen da ta sa aka san garin, kuma suna da gaskiya. Mazauna sama su ma suna da tasu gaskiyar, don su ke ɗaukar buhu a ka. Abin da ba gardama a kansa shi ne hanyar da ta tashi daga babban titin Mubi zuwa Madagali ta iso gindin tsaunin: in ta yi kyau rani da damina, ɗan kasuwa zai zo har can da motarsa, kuma farashin wake da riɗi da aya ba zai ƙare a kuɗin dako ba. Kiwon sa a ɗaki ma sana'a ce da ke da kasuwa a kusa, tunda kasuwar shanu ta Mubi na cikin manya a arewa maso gabas, daga can ake lodin tireloli zuwa kudu. Abin da manomin Sukur ya rasa shi ne jarin sayen maraƙi bayan an sace na farko, da likitan dabbobi da zai hau dutse.

A ƙarshen watan Afrilu, idan hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ana ganin magidanta a jikin tsaunin suna bin katanga hawa bayan hawa, suna ɗaga dutsen da ya faɗi suna mayar da shi gurbinsa, yara na miƙo musu ƙanana don cike rami. Gonakin da ke kusa da gidaje a gyare suke tsaf. Can nesa da gari kuwa, wajen da sai an yi tafiya kafin a kai, akwai hawa-hawan da ciyawa da ƙaya suka rufe, masu su suna Sukur Ƙasa ko Yola.